Sanin Sababi Ya Fi Hadda: Mas'alar Shigar Buromin cikin Alkin

Daga cikin mas'alolin kimiyyar sinadarai waɗanda ake jarraba masu neman shiga makarantar likitanci da su, kaɗan ne suke rarrabe mai hadda da mai fahimta kamar haɗuwar buromin da alkin, wato sinadarin da ke da tagwayen ɗauri tsakanin kabon biyu. Abin da ido ke gani mai sauƙi ne: a ɗiga jan ruwan buromin cikin alkin, sai launinsa ya gushe nan take. Abin da ke buƙatar nazari shi ne ta wace fuska kowace ɗaya daga zarra biyun buromin ta shiga.

Gwaji ya tabbatar da cewa zarra biyun ba sa shiga ta fuska guda. Ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa. Sababin haka kuwa, Irving Roberts da George Kimball ne suka bayyana shi a 1937, inda suka kafa hujja cewa da a ce zarrar farko kabon ɗaya kaɗai ta kama, ta bar ɗaurin yana juyawa yadda ya ga dama, da sakamakon ya fito a gauraye. Tun da bai fito haka ba, lalle ne ta haye kabon biyun gaba ɗaya, ta ƙulla zobe mai kusurwa uku da ake kira buromoniyam, ta tsare wannan fuskar kamar ƙaton da ya cika bakin zaure, har ya wajaba a kan ta biyun ta zagayo ta baya. A 1967 George Olah ya gano irin wannan zobe da na'ura, zato ya zama yaƙini.

Wanda ya riƙe wannan asali, sauran hukunce-hukuncen ƙiyasi ne a wurinsa. Misali, alkin ɗin da ake kira sis-2-biyutin yana haifar da sura biyu daidai wa daida, (2R,3R) da (2S,3S), kowace hoton madubin 'yar'uwarta. Tirans-2-biyutin kuwa sura ɗaya tak yake bayarwa, wadda ake kira meso, domin rabinta hoton madubin ɗaya rabin ne. Duka sakamakon biyu ba sa karkatar da tataccen haske, amma dalilinsu ya sha bamban: a na farko sura biyun ne ke soke juna, a na biyu sokewar tana cikin ƙwayar kanta. A nan mai hadda yake tuntuɓe.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan wahalar jarrabawa ce kawai, domin jikin ɗan Adam yana bambance sura da hoton madubinta; shi ya sa surar L ta maganin dopa ake ba mai cutar Parkinson, ba surar D ba. Saboda haka, ya kai mai neman likitanci, ka zana zoben da hannunka, ka bi kowace zarra har mazauninta, kada ka haddace hukuncin da ba ka san hujjarsa ba.