Zare: Daga barci a kan igiya zuwa gado mai labule

1/ Jiya wajen ƙarfe biyun dare na farka. Ɗan gadon sama yana minshari kamar injin markaɗe, wani yana waya ƙasa-ƙasa cikin bargo yana zaton ba a jin sa, wani kuma ya haska tocila yana haddar jarrabawa. Mu takwas ne a ɗakin mutum huɗu. Da barci ya ƙi zuwa sai na koma kan abin da na kwana biyu ina karantawa: tarihin ɗakunan kwanan haɗaka na matafiya masu ƙaramin ƙarfi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Abin da na lura da shi, cikin shekara ɗari da 'yan kai, laushin katifa bai taɓa zama babbar maganar ba. Rigimar kullum ita ce: nawa za ka biya a ba ka ɗan wurin da yake naka kai kaɗai a cikin taron baƙi, ko da faɗin zanin gado ne.

3/ Mu fara da Landan, ƙarshen ƙarni na 19. Garin ya cika da leburori da masu neman aiki da marasa wurin kwana. Ƙungiyar Salvation Army ta William Booth ta buɗe matsugunai, kuma farashi hawa-hawa ne. Kwabo ɗaya: a ba ka benci a ɗaki mai ɗumi ka zauna har safe. Zama fa, ba kwanciya ba.

4/ Kwabo huɗu kuwa sai a ba ka akwatin katako, dogo daidai tsawon mutum, an jera su a ƙasa sahu-sahu, ka shiga ka lulluɓa da tampol. Mutanen garin da kansu suka sa masa suna akwatin gawa na kwabo huɗu. Ku nemi hotunansa, wallahi sai tsigar jikinku ta tashi. Amma ga wanda zaɓinsa shi ne bakin kogin Thames cikin hunturu, wannan akwatin gata ne, domin aƙalla zai miƙe bayansa, kuma katakon ya raba shi da na kusa da shi.

5/ A tsakaninsu akwai na kwabo biyu, wanda ya fi shahara. George Orwell ya ba da labarinsa a littafinsa Down and Out in Paris and London na 1933: mutane su zauna a jere kan benci, a ɗaura igiya a gabansu, kowa ya rataya ƙirjinsa a kai ya yi gyangyaɗi. Ƙarfe biyar na asuba wani ya zo ya yanke igiyar. Shi Orwell ya faɗi gaskiya cewa bai kwana a can ba, wani abokinsa ɗan titi ne ya ba shi labari. Game da akwatin kuma ya ce babbar masifarsa kuɗin cizo, don kana ciki ba ka da wajen gudu. Ku riƙe maganar kuɗin cizon nan, za ta dawo.

6/ Sai ga wani attajiri, Montagu Corry, wanda aka fi sani da Lord Rowton, tsohon sakataren Firaminista Disraeli. Ya zagaya gidajen kwanan talakawa, abin da ya gani ya dame shi, ya zuba fam 30,000 daga aljihunsa ya gina gida a unguwar Vauxhall. An buɗe shi a ƙarshen 1892.

7/ Kuɗin kwana sisi ne. E, sisin nan da muke cewa "ko sisi ba ni da shi", asalinsa kwabo shida ne na kuɗin Ingila, sule kuma kwabo goma sha biyu. To da sisi ɗaya a gidan Rowton za ka samu ɗan ƙuƙumin ɗaki naka, da ƙofa, da taga, da gado mai zani wankakke. A ƙasa akwai wurin wanka da ruwan zafi, wurin wanki da shanya, ɗakin cin abinci da na karatu. Kwabo biyu ne kacal tsakanin akwatin gawa da wannan ɗakin, amma tazarar kamar ta sama da ƙasa.

8/ Gidajen sun kai shida a Landan. A na Whitechapel ma Stalin ya sauka a 1907, lokacin yana matashin ɗan gwagwarmaya da ya zo taron jam'iyya. Zamanin Orwell kuɗin ya koma sule ɗaya, kuma ya ce su ne mafi kyau a irinsu, sai dai tsananin doka. Da rana ma ba a barin ka shiga ɗan ɗakin naka.

9/ Duk waɗannan don marasa galihu aka yi su. Hostal irin wanda 'yan yawon duniya masu jakar goyo suke sauka a yau, asalinsa daban ne, daga Jamus ya fito, kuma daga hannun malamin firamare.

10/ Sunansa Richard Schirrmann, an haife shi a 1874. Ya yi koyarwa a yankin Ruhr, inda ake haƙar kwal da narka ƙarfe, yara suna tashi cikin hayaƙi da cunkoso. Shi kuma ya yi imani cewa yaro ya fi koyon darasi a waje, don haka yakan kwashi ɗalibansa su yi tafiyar ƙafa ta kwanaki cikin daji da ƙauyuka. Matsalar kullum ita ce ina za a kwana. Ɗan lebura ba shi da kuɗin otal.

11/ Ranar 26 ga Agusta 1909, suna kan hanya daga Altena zuwa Aachen, hadari ya taso da ruwa da tsawa. Suka samu mafaka a makarantar wani ƙauye a kwarin Bröl, yara suka kwanta a aji kan busasshiyar ciyawa. Yara sun yi barci, malam ya kasa. A wannan daren tunanin ya zo masa: makarantu fa zaune suke babu kowa lokacin hutu. Me zai hana a ture bencina gefe, a shimfiɗa buhunan ciyawa, kowane gari ya zama masauki, tazarar tafiyar yini ɗaya tsakanin wannan da wancan?

12/ Ina son wannan labarin saboda mai rashin barci ne ya kawo mafita. Muna da makoma ashe.

13/ A 1912 ya samu ɗakuna a tsohuwar fadar dutse ta Altena, nan aka kafa masaukin matasa na dindindin na farko a duniya. Gadajen katako masu hawa, katifar ciyawa, maza daban mata daban. Ɗakunan suna nan har yau an mai da su gidan tarihi. Wani ɗan kasuwa, Wilhelm Münker, ya riƙe masa ɓangaren tsari da neman kuɗi, a 1919 suka kafa ƙungiya ta ƙasa. Zuwa 1932 Jamus tana da irin waɗannan masaukai fiye da 2,000.

14/ A wannan shekarar aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Amsterdam, wadda yau ake kira Hostelling International. Schirrmann ya shugabance ta, amma 'yan Nazi suka karɓe masaukan Jamus suka haɗa su da ƙungiyar matasan Hitler, a 1936 suka tilasta masa sauka. Mutumin da ya so yaran ƙasashe su haɗu a ɗaki ɗaya su san juna, sai ga gadajensa ana tarbiyyar yaƙi a kansu. Ya rayu har 1961, ya ga an sake gina tafiyar bayan yaƙi.

15/ To yaya aka yi mutum ashirin da ba su san juna ba suke iya barci a ɗaki ɗaya? Doka, jama'a. Duba YHA ta Ingila da Wales da aka kafa a 1930, kwana sule ɗaya. Da ƙafa za ka zo, ko keke, ko kwale-kwale. Mai mota sai a 1970 aka yarda ya sauka. Ba giya. Ana rufe ƙofa da dare, ana kashe fitila tun kafin sha ɗaya, kowa ya yi shiru. Da safe mai kula da gida ya ba ka aiki, shara ko wanke-wanke ko ɗebo itace, kafin ya miƙo maka katinka ka kama hanya.

16/ Ku lura da hikimar da ke cikin dokar zuwa da ƙafa. Wanda ya yini yana hawan tsauni ba ya buƙatar a lallashe shi ya yi barci, kuma duk 'yan ɗakin gajiyarsu ɗaya, lokacin kwanciyarsu ɗaya. Yau a ɗaki guda akwai wanda jirginsa ya sauka ƙarfe ɗayan dare, da mai tashi ƙarfe huɗu ya kama bas, da wanda ya dawo daga rawa. Rabin matsalar barcin hostal na yanzu daga nan take.

17/ Amma abin da ya fi burge ni shi ne zanin barci. Bargo na gida ne, ɗaruruwan mutane sun lulluɓa da shi, ba kullum ake wanke shi ba. Sai aka wajabta wa kowa ya zo da zanin gado da aka ɗinke kamar buhu, da aljihun sa filo, da leɓe mai naɗowa kan bakin bargo. Ka zura jikinka ciki, fatarka ba ta taɓa katifa ko bargon kowa ba. Ɗakin Rowton ne aka mayar da shi ƙyalle, ka ninke ka sa a jaka. Har yau a bukkokin masu hawan tsaunukan Alps ba a barin ka kwana sai da shi.

18/ Kuɗin cizo da na ce ku riƙe. Bayan Paul Müller ya gano ƙarfin DDT a 1939, feshi ya kusa share su daga Turai da Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1990 suka dawo, sun saba da magunguna, ga tafiye-tafiye sun yawaita. Kun tuna hayaniyar Faris a 2023. Saboda su ne hostal da yawa yanzu suka juya dokar: ba a yarda ka shigo da jakar barcinka mai kauri ba, don a ɗinkinta ƙwarin suke ɓuya su bi ka gari-gari. Gidan ne zai ba ka zani wankakke. Da yawa kuma sun bar gadon katako sun koma na ƙarfe, saboda ba shi da tsagogin ɓuya sosai.

19/ Minshari fa? Wannan ba doka da ta taɓa maganinsa. Wani mai haɗa magunguna a Berlin, Maximilian Negwer, ya kafa kamfanin Ohropax a 1907, yana yin matoshin kunne na kaki da auduga. Sunan ma'anarsa zaman lafiyar kunne. Na soso mai laushi da ake murzawa a cusa, Ross Gardner ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1972. Shi ya sa za ka ga wasu hostal sun ajiye su cikin kwano a wajen karɓar baƙi, kamar alawa.

20/ Akwai kuma abin da yake cikin kanmu. A 2016 masu bincike a Jami'ar Brown, Masako Tamaki da abokan aikinta, sun nuna cewa a daren farko a baƙon wuri ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nitsewa cikin barci kamar na dama, yana gadi, ƙaramin motsi ya tashe ka. Yanzu ku yi tunanin matafiyin da kowane dare daren farko ne a wurinsa.

21/ Japan ce ta kawo mataki na gaba. A 1979 aka buɗe Capsule Inn Osaka, zanen Kisho Kurokawa. Kowane baƙo da ɗan kogonsa, tsawon wajen mita biyu, faɗi da tsayi wajen mita ɗaya, da fitila da talabijin da labule a bakin shiga. Don ma'aikatan ofis da jirgin ƙasan ƙarshe ya tafi ya bari aka yi shi. Idan ka ajiye hotonsa kusa da na akwatin kwabo huɗu za ka yi dariya, siffar kusan ɗaya ce, illa wannan da iska da haske da tsafta.

22/ Daga nan hostal na zamani suka ara. Gadon da ake rububi yanzu shi ne mai labule, da 'yar fitilar karatu, da soket na caji, da loka mai kwaɗo. Kowannensu wata tsohuwar rigima ya kashe. Fitilarka ta raba ka da faɗan wa zai kashe wutar ɗaki. Loka ta sa ka daina kwana da ido ɗaya kan jakarka, ko ka yi matashin kai da takalmi kamar mutanen Landan na da. Kuma har yau lissafin Rowton ake yi: ɗakin mutum goma sha biyu ya fi na mutum huɗu araha, kowane bango da kuɗinsa.

23/ Ni dai yau da safe na sayo igiyar shanya ta ɗari biyar, na ɗaura ta zagaye da gadona na ƙasa, na rataya tsohon zanin gadon da Umma ta ba ni tun ajin farko. Kafin la'asar mutum biyu sun zo aron ragowar igiyar. Ɗan gadon sama kuma ya rantse da Allah shi bai taɓa minshari ba a rayuwarsa, don haka daren yau zan ɗauke shi a waya.