Haɗin roba da ma'adini: Abin da ake ƙerawa don maye gurbin ƙashi

Ƙashin ɗan Adam haɗi ne na abubuwa biyu. Kusan kashi 65 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne mai suna haidiroksiafatait, wanda ya ƙunshi kalsiyam da fosfet. Ragowar kuma ruwa ne da zaruruwan furotin da ake kira kolajin. Ma'adinin ne ke ba shi tauri, zaruruwan kuma su hana shi farfashewa kamar tangaran.

Ƙarfen da likitoci ke dasawa ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba. Taurin ƙashi yana tsakanin gigafaskal 7 zuwa 30, na taitaniyam kusan 110, na ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa kusan 200. Ƙarfe yakan ɗauke nauyin da ƙashi ya saba ɗauka, sai ƙashin da ke kewaye da shi ya sirance, dashen ya fara girgiɗi. Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka.

Don magance wannan, William Bonfield na Kwalejin Queen Mary da ke Landan ya cuɗa garin haidiroksiafatait da robar foliyetilin a farkon shekarun 1980. Haɗin, wanda aka sa wa suna HAPEX, kashi 40 cikin 100 na girmansa ma'adini ne. Taurinsa ya kusanci na ƙashi, kuma ƙashi yana manne masa kai tsaye. An yi amfani da shi wajen maye ƙananan ƙasusuwan cikin kunne.

Akwai kuma kusoshin da ake yi da robar folilaktik da ma'adinin kalsiyam fosfet, waɗanda ke narkewa a jiki sannu a hankali, ba sai an sake tiyata don cire su ba.

Sai dai haɗin yana da iyaka. Idan ma'adini ya yi yawa, yakan yi saurin karyewa, kuma tsagewa kan fara ne daga inda roba ta haɗu da ƙwayoyin ma'adinin. Shi ya sa har yanzu ƙarfe ake dogara da shi a cinya da ƙugu.

A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke da alhakin yi wa kayan aikin likita rajista. Majinyaci yana da haƙƙin sanin abin da za a dasa masa, da kuma ko yana da rajista.