Ƙarfe Da Rigar Itace



In hanya ta kai ka Maraɗi, ko Katsina, ko Kano, ka tsaya wajen masu sayar da ƙofofi. Za ka ga wata ƙofa ja, mai layi-layi, sai ka ce daga gindin maɗaci aka tsago ta. To, ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ƙarar ƙarfe za ka ji. Ƙarfe ne aka sa wa rigar itace. Da yawa daga cikinsu daga ƙasar Sin da Turkiyya ake kawo su.

Me ya sa mutum zai sayi ƙarfe, kuma ya so ya yi kama da katako? Wannan tambaya tana da tarihi. Tarihin ya shafi gonakinmu na Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Ya kuma shafi wasu ƙasashe masu nisa. Bari mu bi shi daki-daki.

Ƙofar kakanninmu

A da, kusan duk abin da ke cikin gida daga daji ya fito. Talaka yakan rufe ɗakinsa da tufaniya ko asabari. Mai hali yakan sa ƙyauren itace. Ana rufin soro da azarar giginya, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Ana sassaƙa turmi da taɓarya da ƙirya, don tana da tauri. Maƙera ma gawayin ƙirya suke so. Gado na kara ne ko na ƙasa. Kayan amarya kuwa a cikin lefe ake kai su, wato kwandon kaba. Har yau sunan bai ɓace ba, ko da yake akwati ya maye gurbin kwandon.

A lokacin nan daji yana bakin gari. Wanda yake son itace sai ya ɗauki gatari.

Yadda ƙarfe ya shigo gida

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Tun daga nan gyaɗa ta yi kasuwa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Maraɗi. Suna sayen gyaɗa, suna sayar da yadi da kwanon rufi da kwanukan sha. Bayan mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa.

Kuɗin gyaɗa ya kawo gadon ƙarfe da akwatin ƙarfe. Maƙera suka koyi buɗe gangar mai, su daddale ta, su yi ƙofa da ita. Daga baya masu walda suka zo. Ƙarfe yana da amfaninsa. Gara ba ta cin shi. Ɓarawo yana shan wuya kafin ya ɓalle shi.

Amma akwai wani dalili na biyu. Itacen ne ya yi ƙaranci. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci daji. Aka koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tone kututture, don garmar shanu ta wuce. Ga kuma doka. A 1935 Faransawa suka yi dokar gandun daji. A 1974 Nijar ta yi tata. A ƙarƙashin dokokin nan, manyan itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma, ko da a gonarka suke. In ka sare reshe ba izini, sai tara. Saboda haka manomi ya daina renon itace. Wa zai reni ɗan da ba nasa ba?

Sai fari ya zo, daga 1968 zuwa 1974. Ya sake dawowa a 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari. Itatuwa suka mutu. Waɗanda suka rage aka sare aka sayar don a sayi hatsi. Mata suka riƙa tafiya mai nisa neman makamashi. Wasu suka koma girki da kara da kashin shanu. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku a damina ɗaya. A irin wannan hali, ina za a samu katakon ƙofa? Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ƙarfe ya zama uwar ɗakinmu.

Ba mu muka fara ba

Duk inda itace mai kyau ya yi wuya, mutane sukan nemi kamanninsa. Ku dubi Masar. Ƙasa ce mai yawan hamada, manyan itatuwan katako ba su da yawa. Kimanin shekara 4,600 da suka wuce, wani Fir'auna mai suna Sinefiru ya sa aka kawo masa jiragen ruwa 40 cike da katako daga waje. An rubuta wannan a jikin dutse. Katako ya zama kayan sarauta. Masu zanen Masar kuwa suka koyi kwaikwayon layukan jikinsa da launi. Har yau ana ganin aikinsu a cikin tsofaffin kaburbura.

A Ingila ma haka aka yi. Attajirai suna sayen wani jan katako da ake kawowa daga Amurka ta Tsakiya. Dangin maɗacinmu ne. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya sayen shi. Sai ya sa katako mai arha, ya kira mai fenti ya mai da shi kamar mai tsada. Wannan ya zama sana'a babba.

Gwanin gwanaye a cikinsu shi ne Thomas Kershaw. An haife shi a 1819, ya rasu a 1898. Tun yana yaro ya shiga koyon fenti. Ya ci lambar yabo a babban bajekolin Landan a 1851. A bajekolin Paris na 1855 wasu suka ƙi yarda cewa da hannu ya yi aikinsa. Suka ce akwai wata dabara a ɓoye. Sai ya ɗauki buroshi ya yi a gaban idonsu. Nan gardama ta ƙare.

Gobara ce ta kai sana'ar kan ƙarfe

Su Kershaw a kan katako da bango suka fi yin aiki. A Amurka ne sana'ar ta hau kan ƙarfe sosai. Dalili kuwa wuta ce.

A da, taragon jirgin ƙasa na katako ne. A ciki akwai murhun jin ɗumi da fitilu. In jirgi ya yi haɗari, sai katakon ya farfashe, wuta ta kama, mutane su ƙone. Da aka haƙa wa jirgi hanya ta ƙarƙashin kogi zuwa birnin New York, masu hanyar suka ce taragon katako ba zai shiga ramin ba. Tashar ta buɗe a 1910. A shekarar nan kamfanin Pullman ya shiga ƙera taragon kwana na ƙarfe gadan-gadan.

Amma fasinjoji sun saba da katako. Ƙarfe tsirara bai kwanta musu a rai ba. Sai aka sa masu fenti suka zana layukan katako a jikin bangon ƙarfen. Mutum ya shiga, ya ga abin da ya saba gani, hankalinsa ya kwanta.

Haka aka yi wa ƙofofin dogayen benaye da akwatunan ajiye takardu na ofis. Motoci ma ba a bar su ba. A da akwai motocin da ake yi wa jiki da katako na gaske. Ruwa da rana suna lalata shi. Sai aka koma ƙarfe, aka liƙa masa kamannin katako a gefe. Kamfanin Ford ya yi ta sayar da irin wannan mota har 1991.

Kun ga ke nan, hannu ya karɓi ƙarfe, amma ido bai daina son itace ba. Ƙofofin da ake kawo mana yau jikokin wancan aiki ne. Bambancin kawai, yanzu inji ne yake buga zanen a masana'anta.

Yadda ake yi a gida

Wanda yake da ƙofar ƙarfe ko tsohon akwati yana iya gwadawa. Aikin ba ya son gaggawa.

Da farko, ka samu guntun katako da kafinta ya goge. Ka dube shi da kyau. Layukansa ba su miƙe sak ba. Wani wuri sun matsu, wani wuri sun buɗe. Inda reshe ya fito, sun zagaye kamar ido. Wannan katako shi ne malaminka.

Na biyu, ka kankare tsatsa da burushin waya da takarda mai kaushi. Ka goge ƙura da maiƙo. Fentin da aka shafa a kan tsatsa ba ya daɗewa.

Na uku, ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Ka bar shi ya kwana.

Na huɗu, ka shafa fentin mai, mai haske, ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya. Shi ne zai zama farin cikin katakon. Shi ma ya kwana, ya bushe sarai.

Na biyar, ka samu fenti mai duhu, ka tsinka shi da ɗan kananzir har ya yi ruwa kamar koko. Ka yanko roba daga tsohuwar taya ko tsohon takalmi. Ka yi mata haƙora kamar mataji, wasu manya, wasu ƙanana. Ka shafa fentin a wuri kaɗan. Tun yana ɗanye, ka ja robar daga sama har ƙasa, ba tsayawa. Ka ɗan karkaɗa hannu. Inda haƙori ya bi, launin ƙasa zai fito. In kana son ido, ka naɗe tsumma a yatsa ka murza. In bai yi kyau ba, goge ka sake. Masu sana'ar a Turai ma da matajin ƙarfe da na fata da gashin tsuntsu suka yi aiki.

Na ƙarshe, in ya bushe, ka shafa man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako.

Ka yi aikin a inuwa, a fili, ranar da ba iska. Ƙurar hunturu tana ɓata ɗanyen fenti. Kada ka yi kusa da wuta.

Ga gargaɗi babba. Wasu fentin mai, musamman na da, suna da dalma a ciki. Dalma guba ce, ta fi cutar da yara. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. In za ka kankare tsohon fenti, ka jiƙa shi da ruwa, ka rufe hanci, ka kori yara. Gwangwanin fenti kuma kada ya zama moɗar sha.

Ƙarya ce ko sana'a?

An yi wannan gardama tun da daɗewa. A 1849 wani marubucin Ingila mai suna John Ruskin ya soki aikin. A ganinsa yaudara ce a sa abu ya yi kama da abin da ba shi ba ne. Masu fenti ba su daina ba, masu saye ma ba su daina ba.

Mu dai a ganinmu maganar mai sauƙi ce. Wanda ya ƙawata ƙofarsa bai cuci kowa ba. Ya ma tsare ta daga tsatsa, ta ƙara shekaru. Amma wanda ya rufe ruɓaɓɓen ƙarfe da fenti, ya sayar a kan sabo, ya ci haram. In za ka saya, ka ƙwanƙwasa, ka ɗaga ka ji nauyi, ka dubi ƙasan ƙofar inda ruwa ke taɓawa.

Itacen ya dawo

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙofar fenti ba ta ba da inuwa. Ba ta zubar da ganye a gona. Akuya ba ta cin ƴaƴanta da rani.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarun nan kuma wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da wani abu a karkarar Maraɗi. Ƙananan tsirran da muke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Itatuwa ne. Saiwarsu tana da rai a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran, ka tsare su, sai su tashi da sauri. Wannan shi ne sassaben zamani. Wasu manoma dama sun san dabarar tun daga iyayensu.

Da fari an yi wa masu yi dariya. Da aka ga amfani, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari suka kafa kwamiti, maza da mata, don tsaron itatuwa daga masu saran dare. A 2004 aka yi sabuwar dokar gandun daji, wadda ta ƙara ba jama'ar karkara hannu a kan itatuwansu. Masana da suka auna da hotunan sama sun ce an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram. Itatuwan sun kai wajen miliyan 200. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka rene su.

Gawo da kalgo da sabara sun dawo gonaki da yawa. Amma itacen katako irin su ƙirya da maɗaci suna da nawar girma. Fentin ƙofa aikin kwana huɗu ne ko biyar. Ƙirya kuwa sai an yi shekaru masu yawa kafin ta isa turmi.

To, ɗan'uwa, ka shafa wa ƙofarka fenti, ka yi mata zane mai kyau. Amma in bazara ta zo, ka shiga gona da adda, ka duba kafin ka sara. In ka ga tsiron ƙirya, ka bar shi, ka nuna wa yaranka wurin. Wataƙila jikanka ne zai yi turmi ko ƙyaure da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.