Horon kanikanci na Gimbiya Elizabeth

A shekarar 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Gimbiya Elizabeth ta Birtaniya, wadda daga baya ta zama Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta samu horon tuƙi da gyaran motocin soja. Tana da shekara 18 a lokacin. Ita ce mace ta farko daga gidan sarautar Birtaniya da ta shiga aikin soja a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya.

Shiga rundunar

Ta shiga rundunar mata ta Auxiliary Territorial Service, wadda ake taƙaita sunanta da ATS, a watan Fabrairun 1945. An kafa rundunar ne a 1938 domin mata su karɓi ayyuka irin su tuƙi, girki da aikin ofis, maza su tafi fagen daga. An ba ta lamba 230873 da muƙamin da ya yi daidai da laftanar na biyu.

Horon

An horar da ita a cibiyar koyar da sufurin soja da ke yankin Aldershot, kudancin Ingila. Ta koyi canza taya, kwance inji da sake haɗa shi, karanta taswira, da tuƙa manyan motoci har da motar ɗaukar marasa lafiya. Hotunan lokacin sun nuna ta sanye da kayan aiki, tana durƙushe gefen mota tana kwance taya. Mahaifinta Sarki George na Shida da mahaifiyarta da ƙanwarta Margaret sun kai mata ziyara a cibiyar, ta kuma kammala kwas ɗin a watan Afrilu.

Sai dai zamanta bai yi daidai da na sauran 'yan matan ba. Su suna kwana a bariki, ita kuwa da yamma takan koma Fadar Windsor, ba a kuma tura ta bakin daga ba. Duk da haka horon na gaske ne, kuma ta ci gaba da tuƙa mota da kanta har cikin tsufanta.

Ƙarshen yaƙi

Ranar 8 ga Mayu, 1945, da aka yi bikin nasara a Turai, ta fito a barandar Fadar Buckingham cikin kakin ATS, da dare kuma ita da Margaret suka saje da jama'a a titunan Landan. Daga baya a shekarar aka ɗaga ta zuwa muƙamin da ya yi daidai da kyaftin. An rushe ATS a 1949.