Haihuwa Ba Namiji a Duniyar Ƙwari: Ribar Gaggawa da Bashin da Ke Biye da Ita

A 1740 wani matashi ɗan Janiba, Charles Bonnet, ya killace macen ƙwaron darɓa tun ranar haihuwarta, ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, amma ta haifi 'ya'ya 95 cikin mako uku. Manomin wake ba zai yi mamaki ba: yau 'yan tsiraru a bayan ganye, bayan kwana goma reshe ya yi baƙi ƙirin yana danƙo. Macen darɓa tana haihuwar 'ya wadda tuni take ɗauke da nata cikin.

Ana yawan ɗaukar wannan hanya a matsayin ragowar halittun farko. Ba haka ba ne. Ƙwarin da ke haihuwa ba barbara sun fito ne daga kakanni masu maza da mata, wato daga baya suka yar da namiji. John Maynard Smith ya fayyace ribar a 1978: namiji ba ya haihuwa, don haka zuriyar mata zalla tana ninka takwararta sau biyu a kowane zubi. To me ya hana ta mamaye duniya?

Amsar da ta fi gamsar da ni tana wajen masu cin jikin irin wannan zuriya. Binciken Curtis Lively kan wani ƙaramin dodon koɗi na tafkunan Niyu Zilan ya nuna cewa maza sun fi yawa inda tsutsar da ke kama su ta yi katutu. 'Ya'yan da suka zama kwafin uwarsu ƙofa ɗaya ce gare su. Cutar da ta samu mabuɗin ɗaya ta samu na duka. Shi ya sa akasarin irin waɗannan zuriyoyi sababbi ne, ba sa daɗewa.

Ba kullum ma ƙwaron ne ke cin ribar ba. Ƙwayar bakteriyar Wolbachia ta ƙwai kaɗai take wucewa, namiji bai amfane ta ba, sai ta mai da ƙwan wasu ƙananan zanzaro na Trichogramma mata. A 1990 Richard Stouthamer da abokan aikinsa suka ba zanzaron maganin kashe bakteriya, maza suka sake bayyana.

Inda haihuwa ba namiji ta fi cin kasuwa shi ne gona, domin mu ke share mata fage. Farin ƙwaron rogo ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, mace ɗaya ta isa kafa runduna, ga maƙiyansa sun rage a can gida. Bai lafa ba sai da cibiyar IITA ta Ibadan ta fara sakin zanzaron da ke cin sa a 1981.

Akwai dai masu ƙin bin ƙa'idar nan ta rashin daɗewar zuriyar mata zalla. Wasu mitsi-mitsin halittun ruwa, bdelloid, sun shafe miliyoyin shekaru ba a ga namijinsu ba. Suna bushewa ƙayau su farfaɗo da saukar ruwa, kuma binciken 2013 ya gano kimanin kashi 8 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗaya daga cikinsu aro ne daga bakteriya da makamantansu. Ko su, ke nan, ba su daina cakuɗa gado ba, hanya suka sake.