Alamomin da ke jikin tsofaffin takubba: yadda ake karanta su

A gidajen sarauta da tsofaffin gidajen mayaƙa na jihar Maraɗi, tun daga Tsibiri ta gundumar Gidan Rumji har zuwa Tasawa, Gazawa da Gangara, akwai takubban gado da ba a cika zaro su daga kube ba sai ranar hawan salla ko naɗin sarauta. Da yawa daga cikinsu na ɗauke da ƴan zane-zane ko rubutu a jikin ruwan, kusa da ƙota. Waɗannan alamomi suna iya nuna inda ƙarfen ya fito da zamanin da aka ƙera shi. Sai dai alama ita kaɗai ba ta yanke hukunci, domin maƙeran Turai da na ƙasar Hausa duka sun daɗe suna kwaikwayon tambarin juna.

Takobi ɗaya, hannu uku

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, tsohon takobi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ruwan dabam, ƙota dabam, kube da hamila dabam. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 kafin ya isa Katsina da Kano. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 kasuwar Kano a kowace shekara, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne, wani gari na ƙasar Jamus. Fatake ne ke ɗauko su tsirara daga Tarabulus su keto Sahara, a Kano a yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, sannan su bazu zuwa hannun Hausawa, Fulani, Barebari, Nufawa da Abzinawa.

Yankin Maraɗi ya buƙaci makami sosai a wannan ƙarni. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautarta ya kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836, aka shafe shekaru ana gwabzawa da daular Sakkwato. Ruwa mai kyau yakan daɗe fiye da mai shi, ana sake masa ƙota da kube in sun lalace. Saboda haka sabon kube ba ya nufin sabon takobi, tsohon kube ma ba shaida ba ce ta tsufan ruwan.

Tamburan Turai da aka fi gani

Akwai kerkeci mai gudu, wanda aka zana da ƴan layuka kaɗan, wani lokaci a cusa masa jan ƙarfe. Asalinsa tambarin garin Passau ne tun ƙarni na 14, amma maƙeran Solingen sun ɗauke shi suna bugawa a nasu kayan. Akwai jinjirin wata mai fuskar mutum, galibi biyu a jere, wanda masu bincike ke kira dukari. Akwai zaki, da ƙuda, da ƙwallo mai gicciye a kansa, waɗanda ake dangantawa da maƙeran gidan Kull na Solingen a ƙarni na 19. Kan sarki mai rawanin ƙarfe na gidan Weyersberg ne, hular kwanon jarumi kuma ta gidan Kirschbaum, gidaje biyun da suka haɗe a 1883.

Ana kuma samun haruffan boko cikin kwarmin da ke bin tsawon ruwan. ME FECIT SOLINGEN Latinanci ne, ma'anarsa Solingen ce ta yi ni. Sunan ANDREA FERARA na wani maƙerin Italiya ne na ƙarni na 16, amma an ci gaba da buga shi a Jamus shekaru aru-aru bayan mutuwarsa, don ya jawo masu saye. Haka lambobi irin su 1414 da 1441 ba shekarar ƙira ba ce. Maƙera na sa su ne a matsayin lambobin sa'a, a kan ruwan da aka yi ƙarnuka bayan haka.

Takubban sojan mulkin mallaka sun fi sauƙin karatu. Na Faransa sukan ɗauki sunan masana'anta a gadon bayan ruwan, kamar Klingenthal da aka kafa a 1730 ko Châtellerault da aka kafa a 1819, sau da yawa tare da wata da shekara. Kamfanin Wilkinson na Ingila ya fara sa wa takubbansa lamba tun 1844, kuma da wannan lamba ana iya duba shekarar ƙira a cikin rajistarsa.

Tambarin gida

Maƙeran ƙasar Hausa da na Abzin ba su tsaya kallo ba. Da suka ga masu saye na neman wata biyu ko zaki, sai suka ƙera nasu hatimin suna bugawa, a kan ruwan da suka yi da kansu ko a kan na Turai da ya zo babu alama. Ba kullum don yaudara ba: a idon mayaƙi alamar tana nufin ƙarfe mai kyau, wasu ma na ɗaukarta tamkar laya. Masani Lloyd Cabot Briggs, a nazarin da ya wallafa a 1965 kan ruwan Turai a takubban Abzinawa, ya tattara irin waɗannan alamomi ya kwatanta su da na asali.

Akwai abubuwan da ke taimakawa wajen rarrabewa. Tambarin masana'anta yakan shiga da zurfi, gefensa a tsabtace, domin tun lokacin ƙira aka buga shi. Wanda aka ƙara daga baya yakan fito sama-sama, ko ya karkace, fuskar watan ta zama ƴan ɗigo-ɗigo kawai. Sai a dubi ƙarfen kansa. Tsohon ruwa mai kyau yana da kauri wajen ƙota, yana raguwa zuwa tsini, in an ɗan lanƙwasa shi ya koma daidai. Na ƙarni na 20 da aka yanko daga farantin ƙarfe ko tsohon ƙarfen mota yakan zama kauri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Rubutun Larabci

Yawancin rubutun Larabci a jikin takobi addu'a ce, ko aya, ko ambaton Zulfiƙari, takobin Sayyadina Ali. Irin wannan ne ke jikin Gajere, takobin Korau da ke cikin kayan sarautar Katsina. Ba sunan maƙeri ba ne. Kalmar da ke gabatar da maƙeri ita ce amal, wato aikin wane, yayin da sahib ke gabatar da mai takobin. A.D.H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan makamai na fadojin arewacin Najeriya a littafinsa Nigerian Panoply na 1964.

Salon rubutu ma shaida ne. A hannun Magariba, wanda allunan makarantunmu ke bi, harafin fa na da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A hannun gabas, fa ɗigo ɗaya ne a sama, ƙaf biyu. Takubban Sudan na zamanin Mahadi, 1881 zuwa 1898, sukan zo da rubutu mai cika ruwan baki ɗaya, wanda aka ci da asid, kalmomi na maimaita kansu har ba sa karantuwa. In an ga shekarar hijira, a ninka ta da 0,97 a ƙara 622: shekarar 1300 ta faɗo wajen 1883.

Darasi daga Japan

Ƙasar da ta fi tsara wannan ilimi ita ce Japan. Can maƙeri na sassaƙa sunansa, wani lokaci da lardinsa da kwanan wata, a wutsiyar ƙarfen da ke ɓuya cikin ƙota. Sa hannun ana kiransa mei, na jabu kuma gimei, kuma jabun ya yi yawa ƙwarai a kan sunayen mashahurai. Ƙwararrun ƙungiyar NBTHK, wadda aka kafa a 1948, suna duba siffar ruwan da yanayin ƙarfen, su ga ko sun yarda da sunan kafin su ba da takardar shaida. Ba sa goge tsatsar wutsiyar, domin launinta na nuna shekaru. Wannan ƙa'ida ta dace da takubbanmu: a fara da ƙarfe, a ƙare da alama.

Abin da mai gado zai yi

Babban abin da ke kashe alama shi ne son ƙyalli. Toka da yashi, magagari, dutsen washi ko injin goge ƙarfe na iya shafe tambarin da ya rayu shekara 200 cikin ƴan mintoci. Ya isa a share ƙura da tsumma mai taushi, a shafa ɗan man keken ɗinki, a ajiye nesa da laima. Kada a ɓalle ƙota don neman rubutu, domin a takubbanmu alamar na jikin ruwan ne a fili.

Don gani sosai, a haska fitila daga gefe, a ɗauki hoto da salula, fuska biyu da gadon baya, a auna tsawo da faɗi. Rubutun Larabci a kai wa malami, na boko a kwafe shi harafi-harafi yadda yake. Sarkin Maƙera da dattawan sana'ar na iya gane ƙirar gida, gidan tarihi na Boubou Hama da cibiyar IRSH da ke Yamai kuma wurare ne na neman ƙarin bayani. A kuma rubuta abin da tsofaffin gida suka sani: wa ya riƙe shi, a wane yaƙi, daga hannun wa ya zo.

Masu niyyar sayarwa su sani cewa dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta tanadi kariya ga kayan tarihi, har da batun fitar da su waje. Dillali zai tambayi tambari don ya yanke farashi. Sunan kakan da ya rataya takobin kuwa ba ya jikin ƙarfe, yana bakin ƴan gida ne, kuma in takobin ya fita ba a rubuta ba, shi ke nan ya ɓace.