Share fage kafin dashen ɓargo: tarihin gubar da ta zama magani



Sau da yawa a labaranmu, idan jaruma ta kwanta ciwon jini, mukan ɗora ta a jirgi zuwa Indiya ko Masar, a shiga da ita tiyata, likita ya fito yana murmushi, shi ke nan an yi dashe. Alhali ba a sa wa mai karɓar ɓargo wuƙa. A leda ɓargon yake zuwa, a ɗaura masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Wahalar tana cikin kwanakin da ke gaban wannan rana, lokacin da likitoci ke share fage da magunguna masu ƙarfi. Tarihin waɗannan kwanaki za mu bi yau, a kan cuta guda, wato ƙafewar ɓargo mai tsanani, wadda a asibiti ake kira afilastik animiya.

A cikin ɓargo ake ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da ƙanana masu tsayar da zubar jini. Idan ya ƙafe, duka ukun sukan yi ƙasa. A 1888 likitan Jamus Paul Ehrlich ya fara bayyana cutar, bayan rasuwar wata matashiya mai juna biyu da aka tarar kitse ya maye gurbin ɓargonta. A yau an san cewa a mafi yawan masu cutar, sojojin jikin mutum ne da kansu ke afka wa ƙwayoyin asali da ke haifar da jini.

A nan aikin share fage ya bambanta. Mai sankarar jini ana ba shi magani ne don a kashe sankarar, a kuma buɗe wa sabon ɓargo wuri. Mai ƙafewar ɓargo kuwa ɗakinsa fayau yake, sai dai masu gadi na nan a bakin ƙofa, kuma duk baƙon da ya shigo za su kore shi. Abin da ake nema shi ne a kwantar da su har baƙo ya zauna. Tambayar da likitoci suka shafe shekara hamsin suna amsawa ita ce: da wane magani, kuma nawa ne ya isa?

Maganin farko daga fagen daga ya samo asali. A 1917 sojojin Jamus suka yi amfani da iskar guba ta mastad a Ypres da ke Beljiyam. Bayan shekara biyu Edward da Helen Krumbhaar suka wallafa cewa ɓargon waɗanda gubar ta kashe ya lalace, fararen ƙwayoyinsu sun ƙare. Daga dangin wannan guba aka haɗa saikulofosfamaid a Jamus, wanda ya shiga hannun likitoci a ƙarshen shekarun 1950. George Santos na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya gwada shi a kan ɓeraye, ya nuna zai iya danne garkuwar jiki har baƙon ɓargo ya kama. Ma'aunin da ya kafu shi ne miligiram 50 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kwana huɗu a jere, jimla 200.

Da wannan ma'auni ne ƙungiyar E. Donnall Thomas da ke Seattle ta ba da rahoton nasarar farko a 1972, da ɓargon 'yan uwa na ciki ɗaya waɗanda alamomin ƙwayoyinsu, da ake kira HLA, suka dace da na majiyyaci. A 1976 Bruce Camitta da abokan aikinsa suka nuna waɗanda aka yi wa dashe sun fi rayuwa a kan waɗanda aka bari da ƙarin jini da magungunan da aka saba. Thomas ya karɓi kyautar Nobel a 1990.

Sai dai a shekarun 1970 jikin kusan mutum ɗaya cikin uku, a wasu asibitocin ma fiye, yakan kori ɓargon. Rainer Storb ya bi diddigin abin a kan karnuka, ya gano cewa ƙarin jinin da ake yi kafin dashe ne ke koya wa masu gadi kamannin baƙo. Daga nan aka samu dokar da ke aiki har yau: ɗan uwan da ake sa ran zai ba da ɓargo ba ya ba majiyyacin jini.

Wasu cibiyoyi suka ƙara ƙarfin shiri da gashin radiyeshin, a Faris a kan ƙirji da ciki, a Minnesota a kan wuraren da kaluluwa suke. Korar ɓargo ta ragu sosai, amma garin neman gira aka taɓa ido. Wani babban bincike na Turai da ya fito a 1993 ya nuna waɗanda aka gasa sun fi kamuwa da sankara bayan shekaru. Gashin yakan kuma tauye girman yara da haihuwa, alhali da yawa daga waɗanda suka sha saikulofosfamaid shi kaɗai sun haifi 'ya'ya. A Faris ɗin dai, Eliane Gluckman ta gano cewa yara masu nau'in gado na cutar, wato Fanconi, ba sa jure ma'aunin 200, ta sauke shi zuwa 20.

Mafita ta biyo ta jinin dabbobi. Idan aka yi wa doki ko zomo allurar fararen ƙwayoyin mutum, jininsa yakan samar da sinadarin da ke kashe su, shi ne ATG. Tun 1970 Georges Mathé ya lura cewa wasu da aka shirya da irin wannan ruwa, baƙon ɓargo bai zauna ba amma nasu ya farfaɗo. Wannan ya tona asirin cutar, kuma Bruno Speck na Basel ya mai da ATG magani mai zaman kansa ga marasa mai ba da ɓargo. A 1994 Storb ya haɗa shi da saikulofosfamaid ga mutum 39: biyu kaɗai suka kori ɓargon, kashi 92 cikin ɗari suna raye bayan shekara uku, ba tare da gashi ba. Haɗin ya zama abin koyi, ko da yake gwajin da aka wallafa a 2007 bai nuna bambanci mai ƙarfi tsakaninsa da saikulofosfamaid shi kaɗai ba.

Saura matsalar mai bayarwa, domin damar dacewa da kowane ɗan uwa ɗaya ce cikin huɗu. Da shigowar maganin fuludarabin aka rage saikulofosfamaid, aka yi dashe daga bare, wani lokaci da ɗan gashi kaɗan. Sannan a Johns Hopkins aka dawo da tsohon maganin ta wata ƙofa: ana ba da shi a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe, ya kashe sojojin baƙo da suka taso za su yaƙi mai gida, ya bar ƙwayoyin asali domin suna da sinadarin da ke warware dafinsa. Da haka uwa, uba ko ɗa, masu rabin dacewa, suka zama masu ba da ɓargo.

Don haka idan za mu rubuta wannan babi, mu ƙirga kwanaki yadda asibiti ke ƙirgawa, da baya da baya zuwa ranar sifili. Akwai amai, zubewar gashin kai, da ruwan da ake ta ɗaurawa don kare mafitsara. Mai bayarwa ne ake sa wa barci a zuƙi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa. Bayan ranar sifili akwai mako biyu zuwa huɗu na jira a keɓaɓɓen ɗaki, inda zazzaɓi kaɗan kan tayar da hankalin kowa. Kuma kafin duk wannan akwai takardar amincewa, wadda majiyyaci ko iyayensa za su sa wa hannu bayan an faɗa musu abin da maganin zai iya yi wa haihuwa, da yiwuwar ɓargon ya ƙi zama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.